TARIHIN TAKI A ƘASAR ADAR DA MAJIYA

Gaisuwa mai yawa ga iyayenmu dattawa da ke gida, da ƴan'uwa ƴan biɗa da wannan takarda za ta iske a Yamai, da Abijan, da Legas, da Kano, da Tamanraset, da duk inda Allah ya kai ƙafarku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kamar yadda muka saba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a taron ƙungiya da ya wuce an daɗe ana gardama bisa kuɗin da ƴan biɗa suka tara. Wasu sun ce a sayi buhunan takin zamani a raba wa gidaje kafin damina. Wasu sun ce a sayi amalanke da shanun ja, a riƙa kai takin gida gonakin nesa. Aka tashi ba a yanke magana ba. A wurin ne wani yaro daga cikin waɗanda aka haifa a Abijan ya tambaya, da gaskiyarsa kuwa, ya ce shin kuɗin da aka sha rana aka samo, a kan kashin awaki za su ƙare? Mutane suka yi dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ba shi labari. To, ga labarin. Kuma ba zan ɓoye ba, ni ina wajen masu amalanke, mai karatu ya san da haka tun farko.

Ƙasarmu, daga Keita zuwa Buza har Madawa, ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar ta Katsina ko Gobir. Duwatsu ne masu faffaɗan kai, da gangara, da kwari. Cikin kwari akwai fadama mai baƙar ƙasa, irin ta Majiya da Tarka da kwarin Keita, inda dawa da albasa suke yi. Akwai jigawa mai yashi, ta hatsi da wake. Sa'an nan akwai fako, ƙasa mai tauri wadda sungumi yake tsalle in ya sauka a kanta. Ruwan shekara a wajen Keita yawanci yana tsakanin milimita 300 da 400, a Madawa ya ɗan fi haka, kuma duka cikin wata uku yake sauka. Wani lokaci kashi mai yawa na ruwan shekara cikin dare biyu ko uku zai zuba. Saboda haka tun kaka da kakanni damuwar manomin Adar guda ce: ruwan da ya sauka a gona, ya shiga ƙasa ne ko ya bi korama ya tafi?

Masana tarihi, irin su Malam Djibo Hamani wanda ya buga littafinsa a kan Adar a 1975, sun nuna cewa Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci ƙasar Adar a 1674, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Illela. Lisawan, waɗanda sarautar Keita take hannunsu, daga wannan zamani tarihinsu a nan ya faro. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 Kel Geres suka sauko daga Abzin suka zauna a kudancin Adar da Gobir Tudu, wajen Galma da Azarori. Daga arewa kuma akwai Abzinawan Azawak, ga Filani da garkunansu. Watau ƙasar nan ba ta taɓa zama ta manoma kaɗai ba. Manomi da makiyayi a gona ɗaya suke ci, kowa da watanninsa.

Kada wani ya ɗauka zamanin nan zaman daɗi ne zalla. An yi hari, an kama bayi, an karɓi hatsin talakawa da ƙarfin takobi, kuma akwai garuruwan da suka hau kan dutse don tsoro. Amma cikin wannan duka akwai wata al'ada da ta riƙe gonaki. Da damina bisashe suna arewa, wajen Azawak da Ingal, suna cin ɗanyar ciyawa da lasar gishiri. In kaka ta yi, an yanke hatsi an kai rumbu, sai su gangaro. Mai gona ya je ya iske makiyayi, ya roƙe shi ya sauka a gonarsa. Ya ba shi damin hatsi, ko tiya kaza kowane mako, ya bar shi ya shayar a rijiyarsa, matan gida su kai hatsi su karɓo nono. Shi kuma makiyayi ya kwantar da garkensa a gonar, bayan ƴan kwanaki ya matsar da makwancin gaba, har ya zagaye inda mai gona ya nuna masa. Ku lura da kyau: a wancan zamani mai gona ne yake biya. Kara ba shi da kuɗi, kashin shanu ne mai kuɗi.

Abin da garke yake yi wa gona in ya kwana a cikinta ya fi abin da ido yake gani. Kashi ɗaya ne daga ciki. Akwai fitsari, wanda yake ɗauke da rabo babba na ƙarfin da saniya ta ci, kuma wannan ba a iya kwasarsa a kwando. In dabba ta kwana a turke cikin gida, yawancinsa ya tafi a banza. Akwai kofato, da yake fasa kan ƙasa ya tattake guntun kara ya cuɗa shi da yashi. Masu bincike na zamani sun gwada sun ga gonar da bisashe suka kwana cikinta ta fi wadda aka kai wa busasshen taki daga gida, kuma albarkar kwanan tana kai shekara uku ko fiye. Kakanninmu ba su da ma'auni, amma sun san haka, shi ya sa suke fitar da dami daga rumbu suna bayarwa.

Ban da wannan akwai takin gida. Karkarar da ke kewaye da gari kowace shekara ake nomanta ba hutu, don ita take samun shara, da toka, da ƙaiƙayi, da kashin awaki da tumaki, da tsohuwar ciyawar jinka. Duk rani yara suna bayan jaki da mangala, daga juji zuwa gona, ana zubawa tsibi tsibi. Gonakin nesa kuwa, da jaki ba ya kaiwa, sai a noma su ƴan shekaru a bar su saura, daji ya rufe su, ganye ya zuba ya ruɓe, bayan shekaru a komo a yi sassabe. Ga kuma gawo, itacen da yake kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi ganye da rani ya tara bisashe a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna zuba taki. Kowa ya san hatsin gindin gawo dabam yake. Ana ba da labarin sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare gawo. A kan gangara kuma tsofaffi suna jera duwatsu, abin da muke kira gandari, don su tare ƙasa da shara, wasu suna haƙa ƴan ramuka a fako su shuka a ciki. Ba Turawa ne suka kawo mana sanin dutse da rami ba.

To, me ya rushe wannan tsari? Ba abu ɗaya ba ne, kuma ba rana ɗaya ba. Faransawa sun shigo, suka karya Kel Geres a yaƙin Galma a 1901. Aka aza haraji na kuɗi, aka aza aikin dole wanda ba a soke shi ba sai 1946. Neman kuɗin haraji shi ya buɗe hanyar biɗa sosai, majiya ƙarfi suka fara barin gari da zarar an gama kaka, watau daidai lokacin da ake jan taki. Hari ya ƙare, mutane suka sauko daga duwatsu suka bazu suna sare daji. A shekarun 1950 da 1960 ruwa ya yi kyau, kamfanin auduga na Faransa ya shigo Majiya, aka kafa injin gurzar auduga a Madawa, noma ya yi ta hawa arewa cikin makiyaya har gwamnati ta yi doka a 1961 ta shata iyakar noma, dokar da ba a bi ta ba. Jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa. Nijar duka ba ta wuce mutum miliyan 3 da ƴan kai ba lokacin mulkin kai a 1960, yau ta haura miliyan 25. Ƙasar Keita kaɗai, ƙidayar 2001 ta sami mutum wajen 218,000, ta 2012 ta sami wajen 337,000. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki goma suka raba. Wa zai bar tasa ta huta? Saura ta mutu ke nan.

Sai fari ya zo ya ƙarasa. Tsofaffi suna ba mu labarin Kakalaba ta 1913 da 1914, amma bayan ita daji ya komo, garkuna suka komo. Farin 1973 da na 1984 ba haka suka yi ba. Shanu sun mutu a kan hanya, makiyaya da yawa suka wayi gari ba ko saniya ɗaya, wasu suka koma noma, wasu suka koma kiwon dabbobin ƴan kasuwa. Manomi kuma da ya ga abin da ya faru, ya fara ajiye ƴan bisashensa, ya fara kwashe kara da harawa yana ɗorawa bisa rumfa ko bisa itace. Kara ya yi kuɗi a kasuwa. Magana ta juya: da mai gona ke biyan makiyayi ya sauka, yanzu makiyayi ke biyan mai gona don dabbobinsa su ci kara. Itace ya ƙare a kan duwatsu, har na ga da idona mata suna tsintar busasshen kashin shanu suna hura wuta da shi. Abincin gona ya shiga murhu.

Nan ya kamata mu tsaya mu fahimci yadda gona take zama fako, don mutane da yawa suna ɗauka ruwa ne kawai ya ragu. Ƙasa mai rai tana da ƴan ƙofofi a jikinta. Ruɓaɓɓen ganye da taki su ne suke haɗa ƙwayoyin yashi da laka su zama ƴan dunƙule, tsakanin dunƙulen akwai hanyar ruwa da iska, kuma shi kansa ruɓaɓɓen abu yana shan ruwa ya riƙe kamar soso. In aka kwashe kara, gona ta zauna tsirara tun daga kaka. Iskar hunturu ta ɗebe lallausar ƙasar sama. Ranar bazara ta ƙone ɗan abin da ya rage. Sa'an nan ruwan farko ya zo da ƙarfinsa, ɗigon ya daki ƙasa ba abin da ya tare shi, dunƙulen su farfashe, lakar ta toshe ƙofofin, rana ta fito ta busar. Sai a sami ɓawo a kan ƙasa, kaurinsa bai kai faɗin yatsa ba, amma ya isa ya hana ruwa shiga. Ruwa na biyu ya zo ya bi ta kai ya wuce, ya haɗu da na gonar maƙwabci, su tona kwazazzabo, su kwashi yashi su zuba a fadama. Ka je bayan ruwan dare ka tona fako da diga, za ka iske ƙura a ƙasa. Gonar ba ta ga damina ba, alhali kuwa ruwa ya sauka a kanta.

A shekarun nan ne takin zamani ya yawaita a kasuwanninmu. Gwamnatin Najeriya tana sayar wa manomanta da rahusa, buhunan supa da uriya suna tsallako iyaka su zo Madawa da Bangi da araha. Wanda ya zuba a gona mai sauran rai ya ga amfani, ba a musu. Amma takin zamani abincin shuka ne, ba ya buɗe ƙofar ƙasa. Zuba shi a kan ɓawo, ruwa ya tafi da shi. Kuma kuɗinsa ba a hannunmu yake ba: an rufe iyaka a 1984 zamanin Buhari, har yunwar shekarar ta ɗauki sunansa, an karya darajar sefa a watan Janairu 1994, farashi ya yi tsalle a 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukiren, an sake rufe iyaka a 2023. Kowane karo buhu ya gagari talaka.

Hukuma da masu taimako sun zo da nasu magani. Tun shekarun 1960 an yi wurin gwaji a Allokoto, ana auna ruwa da ƙasar da gangara take zubarwa. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza suka fara dasa dogon yaro a kwarin Majiya, layi biyu biyu, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, don kare iska. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon jerin ya wuce kilomita 300, kuma wanda ya bi hanyar Garadume ya gan su. A watan Mayu 1984 Janar Seyni Kountché ya tara babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A shekarar ce kuma aka fara Furojen Keita, da kuɗin Italiya, da ma'aikatan FAO, da abincin PAM, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Buza da Abalak. Lissafin da aka bayar na aikinsa zuwa farkon shekarun 2000 shi ne ƙasa wajen hekta 34,000 da aka gyara, da itatuwa wajen miliyan 18 da aka dasa, ban da madatsan ruwa da rijiyoyi da hanyoyi.

Ya ku ƴan'uwana ƴan biɗa, a nan akwai maganar da ta shafe mu, ni ma ina ciki. Yawancin waɗanda suka yi wannan aiki mata ne. Mu muna Legas da Abijan, iyayenmu mata da matanmu da ƙannenmu su ne suka ɗauki dutse a ka, suka hau tudu da diga, ana biyansu da hatsi da mai da abincin gwangwani. Duk wanda ya gaji gona a kan tudu mai jerin dutse, ya san wuyan wa ya ɗauko shi.

Aikin Keita ya yi amfani mai girma, wanda ya ce bai yi ba bai ga duwatsun a 1984 ba. Amma ga abin da shekaru suka nuna. A kan tudu tarakta ta tsaga fako, aka yi jerin ƙasa aka lulluɓe da dutse, aka raba wa mutane. Shekarun farko aka sami hatsi. Inda mai gona ya ci gaba da kai taki yana barin kara, gona ta tsaya har yau. Inda aka bar ta da dutse kaɗai, saboda nisa, ko rashin jaki, ko mai ita yana biɗa, ɓawo ya komo a hankali, tsagar tarakta ta rufe, sai ka ga jerin dutse lafiya lau yana gadin fili ba ko tsinke. Dutse yana tsayar da ruwa ya jira, amma in ƙasa ba ta da ƙofa, rana ce za ta shanye shi.

Abin da ya fi koya mana darasi ba daga babban furoje ya fito ba, daga maƙwabtanmu na Illela ya zo. A ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, wajen 1980, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo, na garin Gurga kusa da Wahiguya, ya ɗauki tsohuwar dabarar rami da suke kira zai, ya ƙara mata faɗi da zurfi, ya riƙa zuba taki a ciki tun da rani. Mutane suka ce ya haukace, daga baya suka bi shi. An ba shi babbar kyauta a ƙasar Suwidin a 2018, ya rasu a watan Disamba 2023, Allah ya jiƙansa. A 1989 furojen FIDA ya kai manoma 13 daga ƙasar Illela suka ga aikin Yatenga da idonsu. Da suka komo suka ce ai wannan tassa ce, mun san ta, taki ne da girman rami ba mu yi ba. Suka gwada a hekta uku ko huɗu a bakin hanya. A 1990 aka yi wajen hekta 70, kuma Allah ya sa shekarar ruwa ya yi ƙaranci: gonaki suka ƙone, masu tassa suka yanki hatsi. Daga nan ba a bukaci mai wa'azi ba. Zuwa 1995 an kai kusan hekta 3,800 a ƙasar Illela da Badagishiri, dabarar ta bi kasuwa da baki ta iso Keita da Buza da Madawa. Awon da aka yi a can cikin shekaru shida ya nuna tassa mai taki tana ba da wajen kilo 500 a hekta, gonar da ba a yi wa kome ba wajen kilo 125.

Yadda tassa take aiki abin mamaki ne ga wanda ya tsaya ya duba. Ana haƙa rami da rani, faɗin taƙi ɗaya ko fiye, zurfin kamar santimita 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami taku guda, a tara ƙasar da aka tono ta gefen gangara don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Iska ta kawo ganye da lallausan yashi ta ƙara. Sai gara ta ji ƙanshi ta zo. Garar nan da muke zagi don tana cin jinka da rumbu, ita ce ma'aikaciyar tassa: tana haƙo hanyoyi daga ƙasa zuwa ramin, tana jan takin ƙasa, kuma ta waɗannan hanyoyi ne ruwa yake nutsewa ya zauna inda rana ba ta kaiwa. In aka yi kwana goma sha biyar ba ruwa, shukar tudu ta lanƙwashe, ta rami tana tsaye. Cikin kashin awaki kuma akwai ƙwayar gawo da bagaruwa da suka bi ta cikin dabba, sai su tsiro a ramin. Mai hankali ya bar wasu. Bayan ƴan shekaru ana sabunta ramuka a tsakanin na da, fako ya yi laushi har hauya ta kama shi.

Tana da sharuɗɗanta. A jigawa mai yashi ba ta yi, rami cikewa yake. In ruwa ya yi yawa shuka tana iya nutsewa. Ɗanyen taki mai zafi da aka zuba dab da shuka yana ƙone tsiro in ruwa ya ɗauke, shi ya sa ake zuba shi da wuri, ko a tara shi a ramin taki a gida, da kara da toka da shara, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi ya huce. Wanda ya haƙa tassa ya bar ta ba taki kuwa, ya sha wahalar rani don ɗan abu kaɗan.

Yanzu ga lissafin da ya sa nake wajen amalanke. Hekta ɗaya tana cin rami wajen 10,000. In kowane rami ya sami giram 300, ton 3 ke nan. In kwandon da mace take ɗauka a ka yana cin kilo 15, sawu 200 ke nan zuwa gona ɗaya, kuma gonakin fako su ne na nesa, su ne na kan tudu. A gidajen ƴan biɗa wa zai yi wannan sawu? Tsohuwa da yara. Shi ya sa za ka shiga gida ka iske juji ya kai rabin katanga, gonar gidan kuwa tana can tana mutuwa. Masu albasa na kwarin Tarka da Galmi sun daɗe da gane haka. Tun da aka yawaita rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa a Tarka daga ƙarshen shekarun 1980, suna bin gari gari suna sayen taki. Albasar da wasunku suke saukewa daga kamyo a kasuwannin Abijan da Akara, da kashin awakin Adar aka noma ta. Ɗana na Abijan da ya yi tambaya, ga amsarka.

Masu son takin zamani suna da hujja, kuma ba zan danne ta ba. Takin gida ba zai ishi gonaki duka ba. Dabba ba ta ƙirƙiro shi, ciyawar daji da kara take mai da shi taki, in makiyaya ta ƙare shi ma ya ƙare. Ƙasarmu kuma tana da ƙarancin sinadarin fosfat, wanda kashin dabba ba ya kawo shi da yawa. Masu bincike na tashar ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, sun nuna ɗan takin zamani kaɗan, cikin marfin kwalba a gindin kowace shuka, yana ƙara amfani sosai, kuma ya fi yi in an haɗa shi da takin gida ko an bar kara a gona. To, wannan kowane gida yana iya sayen ƴan tiyoyinsa. Abin da gida ɗaya ba ya iyawa shi ne abin ɗauka. Buhunan da za mu raba damina ɗaya za su yi. In ruwa ya ɗauke a watan takwas, kuɗin ya ƙone tare da hatsin.

Akwai abu biyu da tarihin nan ya bar mana, waɗanda suka fi gardamar kuɗi nauyi. Na farko, tun da tassa ta nuna fako yana komowa gona, fako ya yi kuɗi. A ƙasar Illela an fara saye da sayar da filayen da a da ko kyauta ba a karɓa, masu hali suka saye daga hannun marasa hali. Ɗan biɗa da ya bar fakon ubansa shekara ashirin, wani ya ara ya haƙa ya zuba takinsa ya raya, ranar da ya komo rigima ce, kuma kowanensu yana da gaskiya a bakinsa. Tun 1993 akwai dokar karkara, akwai kwamitin filaye da yake rubuta aro da jingina da saye. In za ka ba da aro, a yi shi gaban maigari da shaidu, a faɗi shekara nawa, don mai aro ya san zai ci amfanin takin da ya zuba.

Na biyu shi ne tsakaninmu da makiyaya. Da aka daina saukar da garke a gona, abin da ya rage tsakanin manomi da makiyayi sai ɓarna da tara. Mun ji abin da ya faru a Toda, ƙasar Maraɗi, a watan Oktoba 1991, inda aka kashe mutum fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. A watan Nuwamba 2016 ya zo ƙofar gidanmu, a Bangi, rayuka 18 ko fiye suka salwanta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Yanzu hukuma ce take sa ranar sakin gonaki kowace shekara, abin da a da mutum biyu suke gamawa a gindin gawo da ƙwaryar nono. Har yau akwai dattawa a garinmu da suke da Bafilace ko Buzun da gidansu ya saba da shi tun kakanni, yana sauka a gonarsu bayan kaka. Ku je ku dubi gonakin nan ku gwada da na gefensu. Ina roƙon a ba waɗannan dattawa magana a taro mai zuwa, su faɗa wa matasa yadda ake ƙulla wannan alkawari, da abin da ake bayarwa yanzu.

Amalanke ma tana da nata ciwon kai. Sa yana cin abinci rani da damina, taya tana fashewa, kuma mun taɓa ganin kayan jama'a sun zama na mutum ɗaya. Sai an sa wanda zai riƙe, da ɗan abin da za a biya kowane sawu don gyara, da jerin gidaje, a fara da na gwauraye da na waɗanda ba su da namiji a gida. In shanu sun yi mana tsada, a fara da ta jaki.

Taro yana nan kwana biyu bayan Babbar Salla, a ƙofar maigari, bayan la'asar. Wanda ba zai sami zuwa ba ya aiko da ra'ayinsa ta hannun wakilin garin da yake zaune, ya kuma faɗi inda fakon gidansu yake da wanda yake riƙe da shi yanzu, don a rubuta.

Wassalam.